Ƙananan Kalmomin Ingilishi Masu Ɗaure Ma'aikaci



An nemi in yi magana a kan wasu kalmomi 9 na Ingilishi, wato can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Mataimakan aikatau ne, ba su tsayawa da ƙafarsu. Ba su faɗin aikin kansa, sai dai matsayin mai magana game da shi: ko dole ne, ko an yarda, ko ana iyawa, ko kuwa zato ne kurum. Ba a liƙa musu harafin s a ƙarshe, ba a kuma sa kalmar to bayansu. Wannan kowa ya haddace tun a sakandare. Inda gizo ke saƙa shi ne ma'ana.

Da yawa daga cikinku, in Allah ya so, a ƙananan hukumomi za ku kama aiki. A ce an tura ka Bodinga, aka umarce ka ka rubuta wa malaman firamare takarda, su zo a tantance su ranar Litinin. In ka rubuta may, ka ba su zaɓi ke nan. Wanda ya yi zamansa a ƙauye bai yi laifi ba, ba ka kuma da hujjar taɓa albashinsa. Should nasiha ce, daidai da "ya kamata". Must ce ke ɗaure mutum, ko kuwa shall a harshen doka.

Wurin korewa ne na fi so ku kasa kunne, domin a nan harshenmu ke yaudararmu. Mu mukan ce "dole ne", mu kore shi da "ba dole ba ne". Sai ɗalibi ya ɗauka haka must not take. Sam! Must not hani ne, wato "kada". Mai nufin "ba dole ba ne", need not zai rubuta. A takardar nan tamu, in kana son sauƙaƙa wa waɗanda aka riga aka tantance, ka rubuta must not, to ka hana su zuwa ne, alhali hutar da su ka yi nufi.

Ita ma shall, duk da ƙarfinta, ana iya sassauta ta. Daga Bodinga a miƙa kudu a isa Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da shi shugaban ƙasa bisa sabon Tsarin Mulki. Sashe na 18 na wannan tsari ya yi amfani da shall wajen ɗora wa gwamnati ba da ilmi kyauta, amma nan take ya biyo da sharaɗin sai lokacin da hali ya yi. Sashe na 6 kuwa ya hana kotu bin kadin alkawuran wannan babi. Bayan shekara 20, Tsarin Mulkin 1999 ya gaji shall ɗin nan tare da sharaɗinta.