Tsohon Jirgin Faiba Ba Shara Ba Ne: Jawabi Kan Gyaransa A Gida

 

Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Wasu za su zaci tunda alli muka sani, maganar makaranta za mu yi. To, yau bakin kogi za mu sauka, domin ga mutumin ƙasar Bagudo, sau da yawa hanyar makaranta da ta asibiti da ta kasuwa duk ta kan ruwa suke bi.

Allah Ya zaunar da mu a wurin da kogin Kwara yake shigowa Nijeriya, bayan ya raba Jamhuriyar Benin da ta Nijar. Daga Lolo zuwa Illo, har a gangara Yawuri, rayuwar Sarkawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa a ɗaure take da wannan kogi. Ba kuma irin gulaben da ke ƙafewa da rani ba ne. Sau biyu yake cika: farin ruwa na daminarmu, sannan baƙin ruwa wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ba ya isowa gare mu sai cikin hunturu. Saboda haka mai fito ba ya hutu. Mun ma ga yadda bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, jama'a da kayansu suka koma kan kwale-kwale.

Wannan ni'ima tana tafe da jarrabawa. Ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya dare a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150, waɗanda suka tsira 'yan ƙalilan ne. A watan Yuni 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tun daga lokacin hukumomi suke ta kira da a bar jiragen katako a koma na faiba. Kiran yana da kyau, sai dai sabon jirgin faiba ya fi ƙarfin aljihun mai fito. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, muna kukan rashin jirgi, alhali duk wanda ya bi gaɓar kogin nan zai ga tsofaffin jiragen faiba a kife, wasu awaki na kwana a ƙarƙashinsu, wasu an mai da su kwamin ban ruwan shanu. Abin da muka zo faɗa a taƙaice shi ne, yawancinsu ba su mutu ba, kuma ana iya tayar da su a ƙofar gida, da hannun 'ya'yanmu.

Bari mu fara da sanin abin da ake kira faiba. Abu biyu ne aka haɗa. Na farko zaren gilashi ne siriri kamar gashi, an tattara shi ya zama kamar tabarma. Na biyu wani ruwa ne mai kauri kamar zuma, ana kiransa rezin, wanda idan aka ɗiga masa maganin daskarewa sai ya sandare ya zama kamar ƙaho. A Amurka aka fara sarrafa zaren da yawa cikin shekarun 1930, kuma wani mai suna Ray Greene ya ƙera jirgi da shi a birnin Toledo a 1942. Gara ba ta cin faiba, ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa. Idan kun ga jirgin faiba ya lalace, to galibi katakon da aka ɓoye a cikinsa ne ya ruɓe, ko kuwa an yi masa gyaran da bai dace da shi ba.

Wannan gyara da bai dace ba mun sha ganinsa. Magininmu na jirgin katako gwani ne, ya gaji sana'arsa kaka da kakanni. Ya san maɗaci, ya san kawo, ya san yadda ake toshe tsaga da tsumma da kwalta a bi da gwangwani da ƙusa. Amma abin da ke warkar da katako shi ke kashe faiba. Kowace ƙusa da aka buga sabuwar tsaga ce, kwalta kuwa tana hana rezin kamawa, sai an kankare ta ƙarƙaf kafin a yi wani abu.

Da muka ɗauki wani tsohon jirgi mai tsawon ƙafa 23 muka sa shi gaba tare da wasu tsofaffin ɗalibanmu, darasin farko da ya koya mana shi ne haƙuri. Bayan an wanke shi, an ɗora shi kan tsofaffin tayoyi a inuwa, sai a ƙyale shi ya bushe makonni, domin rezin ba ya shiri da laima ko kaɗan. Ga hanyar ganewa: a manna farar leda a jikinsa da yamma, a rufe gefunanta, idan da safe aka ga raɓa a cikinta, to da sauran ruwa. Hunturu ne lokacin shanya. Daga nan sai a bi jikinsa duka ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, kamar yadda iyayenmu mata suke gwada tukunya a kasuwa. Inda ya yi ƙara garau, lafiya lau. Inda ya amsa a dushe, faiban ya rabu da juna, sai a zagaye wurin da alli. Za a ga wasu ƙuraje a ƙasan jirgin, cike da ruwa mai warin tsami. A fasa su a wanke, amma a kiyaye ido.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne allon baya, inda ake rataya inji. A ido faiba ne, amma a tsakiyarsa falankin filawud ne aka lulluɓe. Ruwa yana shiga ta ramukan noti, shekara da shekaru, har katakon ya koma kamar dusa, alhali waje yana nan sumul. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda masu fito suka fi so, nauyinsa ya kai kusan kilo 70, ban da turin da yake yi. Ku duba abin da zai faru idan wannan allo ya ɓalle a tsakiyar Kwara da mata da yara a ciki. Gwajinsa ba wuya: a huda ƙaramin rami daga ciki a dubi garin da ya fito. Idan fari ne busasshe, madalla. Idan baƙi ne jiƙaƙƙe, babu wata dabara sai canji. Ana yanke fatar ciki a bar ta waje, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon, a auna siffar wurin da kwali, a yanka filawud mai jure ruwa ninki biyu, a shafe shi da rezin ta kowace fuska har gefuna, a matse shi, sannan a lulluɓe da faiba hawa-hawa har ya kama bangon jirgin hagu da dama. Rabin wahalar aikin duka a nan take, kuma wanda ya tsallake wannan ya tafi sayen fenti, kwalliya ya yi wa gawa.

Toshe huda kuwa yana da ƙa'idar lissafi, kuma a nan tsohon malami zai ɗan yi farin ciki. Ba a liƙa faci a kan rami kamar na tayar keke. Ana gurza bakin ramin ya yi gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin jirgin. Idan kaurin milimita 5 ne, gangaren zai zama santimita 6 ta kowane gefe. A goge ƙura, a yayyanka tabarmar faiba manya da ƙanana, a riƙa jiƙa su ɗaya bayan ɗaya da buroshi ana dannawa har iska ta fita. Duk inda ya yi fari, bai sha rezin ba. Kilo ɗaya na tabarma yana shan rezin kilo 2 zuwa 2 da rabi. Maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ake sawa, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo. Sirinjin kemis ya isa awo. A zafin ƙasarmu kashi 1 ya wadatar, kuma da sassafe ake aikin. Wanda ya dama da yawa da tsakar ranar bazara, kafin ya juya zai ga kwanon ya ɗau zafi, ya sandare da buroshin a ciki, kuɗinsa sun tafi. Kayan nan ana samunsu wurin masu sayar da fentin mota a manyan garuruwa, domin da su masu gyaran jikin mota suke ɗinke bamba. A dai kula kada a sayi rezin da ya daɗe a shago har ya fara kauri.

Tunda a gida za a yi aikin, dole mu ja kunne. Maganin daskarewa fari ne kamar ruwan sha, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa; kada a zuba shi a gorar lemo, kada a ajiye shi inda yaro zai kai hannu. Rezin yana kama wuta, don haka a nisanci murhu da taba, kuma ba a aikinsa cikin ɗaki. Ƙurar gurza tana sa ƙaiƙayi fiye da ƙaiƙayin gero, tana kuma cutar da huhu. A sa takunkumi da tabarau da riga mai dogon hannu.

Yanzu ga maganar da muke roƙon kowa ya tafi da ita gida, musamman masu ɗaukar cewa da zarar an ce faiba an gama da haɗari. Kwale-kwalen katako idan ya cika da ruwa, sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Faiba ya fi ruwa nauyi, wajen ninki ɗaya da rabi. Idan ya cika, ƙasa zai yi kamar dutse, sai fa in akwai abin da ke riƙe shi. Shi ya sa masu ƙera shi suke rufe wasu akwatuna a goshi da ƙarƙashin kujeru, su cika su da soso mara shan ruwa ko iska. A tsofaffin jiragen da muka duba, mun tarar an fasa waɗannan akwatuna don a sami wurin buhu, ko kuwa soson ya tsufa ya sha ruwa ya zama kaya. Jirgin da aka yi wa haka ya fi na katako haɗari, komai ƙyallinsa. Maganin kuwa yana hannunmu. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya a ruwa. Jarka mai lita 25, idan babu komai ciki kuma murfinta ya rufu gam, tana riƙe kusan kilo 25. Jarkoki 8 sun ba da kusan kilo 200 ke nan. A lissafa nauyin jirgi da inji, a ƙara da rarar da mutane za su riƙe, a rarraba jarkokin gaba da baya da gefuna, a fi yawaitawa a baya inda inji yake, a rufe su a cikin akwatunan yadda ba za su kuɓuce ba, kuma yadda ba wanda zai ciro ɗaya ya je ɗibar man fetur.

Bayan wannan sauran aiki mai sauƙi ne. A ƙara hawa biyu ko uku na faiba a ƙirjin jirgin, domin yashi da duwatsun mashigi suna cinsa kullum. A goge da sanfefa, a yi fenti ranar da ƙura ta kwanta. Sannan a ja jan layi a jikinsa, wanda idan ruwa ya taɓa shi an daina lodi, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan baƙaƙe, da boko da ajami. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Gyara bai ɗauke wa kowa wannan ba, kuma faiba ba ya hana karo da kututture ko dorina.

Mai girma shugaba, ga roƙonmu ga ƙungiya. A naɗa ƙaramin kwamiti, tare da sarakunan ruwa, ya zagaya mashigai ya ƙirga jiragen faiban da ke kwance, ya binciko masu su. Wanda na mutum ne a nemi yardarsa a rubuce, wanda na hukuma ne a rubuta mata takarda. Kada son alheri ya sa mu taɓa abin da ba namu ba. A zaɓi matasa uku ko huɗu, a fi ba 'ya'yan maginan jirgi fifiko tunda sun riga sun san siffar jirgi da halin ruwa, a tura su wata biyu wurin masu aikin faiba su koyi damu da shafi. Itatuwan da iyayensu ke sassaƙawa suna ƙarewa, wannan kuwa sana'a ce da za ta sami kasuwa har a ƙetaren iyaka, a biya da naira ko da sefa. A fara da jirgi ɗaya tak, a keɓe shi don 'yan makaranta da marasa lafiya da mata masu naƙuda na ƙauyukan ƙetare.

Sharaɗi guda muke so a rubuta cikin kundin ƙungiya. Duk jirgin da aka gyara da kuɗinmu, kafin ya ɗauki ko mutum ɗaya, a kai shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a cire injin a ɗaura duwatsu masu nauyinsa a madadinsa, a cika jirgin da ruwa har baki a gaban Sarkin Ruwa da wakilan ƙungiya. Idan ya tsaya a sama bai kife ba, a sa hannu a takarda a ba shi izinin fito. Idan ya nutse, a jawo shi a mayar kan tayoyi a ƙara jarka.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.