Mai shayin bakin titi da ƙofar banki

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Agye da Gazawa ya san inda mutane ke taruwa bayan la'asar: teburin mai shayi, rumfar mai tuwo, tukubar mai tsire. Nan direba ke hutawa, nan matasa ke samun na sabulu.

Gwamnati ta kafa bankin BAGRI don manoma, ta kafa asusun FISAN a 2017, akwai kuma FONAP na ƙananan masana'antu. Madalla. Amma mai shayin da jarinsa duka bai wuce jika hamsin ba, in ya je neman rance sai a tambaye shi takardar fili da rajistar kasuwanci. Ina zai samo su? Wani ma kuɗin ruwa ne ke hana shi kusantar ƙofar, saboda addini.

Tun 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka fara adashi da ba juna bashi a jahar Maraɗi, sanayya ce jinginarsu. Ina roƙon hukuma ta tsaya wa irin waɗannan ƙungiyoyi, ta bari su shaidi mai shayin unguwarsu, a sayo masa firji da buhun sukari, ya riƙa biya ranar kasuwa.