Hannun da Ya Koma Jikin Mai Shi

A 1962 jirgin ƙasa ya guntule hannun wani yaro ɗan shekara 12 kusa da Boston a Amurka. Dakta Ronald Malt da abokan aikinsa suka haɗa ƙashin, suka ɗinke jijiyoyin jini, hannu ya kama. Jijiyar ji kuwa sai haƙuri, kusan milimita ɗaya take tsirowa a rana, ko da yake ta yara ta fi saurin farfaɗowa.

Saboda haka, Allah ya kiyaye, in injin markaɗe ya cire yatsan yaro, kada a binne. A naɗe shi cikin tsabtataccen ƙyalle mai danshi, a ɗaure a leda, a ɗora kan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ta. Don Allah a garzaya asibiti nan take.