KUƊIN TIKITI DA FITILUN KAKURI

Ga jawabin da Magatakardan reshenmu na Kakuri ya yi wa jama'a:



Kullum muka kai kukan titi ga Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu a Makera, amsa ɗaya ce, wai 'yan sanda ba nata ba ne. To, wannan gaskiya ne. Zamanin Janar Gowon aka rushe 'yan dokan En'e, aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya, kuma sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a kafa wata rundunar. Mu kuwa ba mu yi kewar 'yan doka ba, kakanninmu sun sha kulkinsu.

Amma a buɗe Jadawali na Huɗu na wannan littafi. Tashoshin mota, da kasuwanni, da titunan unguwa, da fitilunsu, da kwatami, duk an rubuta su a kan ƙaramar hukuma. Watau abin da ke kashe mutum a titi, da yawansa aikinta ne, ba na ɗan sanda ba.

Ku dubi yadda aka gina Kakuri. Masaƙar KTL ta buɗe a 1957, ta UNTL ta biyo baya, Peugeot ya zo a 1975. An shimfiɗa hanyoyi domin manyan motocin kamfani, ma'aikata kuma suka cika lunguna. KTL ta rufe a 2002, amma jama'a ba su tashi ba, manyan motoci kuma ba su daina bin hanyar Kachia ba. Ran Litinin kasuwa ta cika ta tumbatsa, mai tumatir ya baza kaya a bakin kwalta, mai Keke Napep ya tsaya inda ya ga dama don ba a keɓe masa wuri ba. Amma mai yankan tikiti ba ya makara! Asibitin St. Gerard na kusa, sai dai kusancin asibiti bai taɓa tsai da tirela ba.

Sa'an nan ga taro. Ko zagayen Mauludi ne, ko jerin gwanon Ista, ko kafa rumfar biki, jama'a kan tare titi da benci, yara ne ke ba motoci hannu. Haba! Kwanakin nan ba ɓoyayyu ba ne. Me zai hana majalisa ta kira limamai da fastoci da masu unguwa tun da wuri, a tsai da hanyar da za a bi, a rubuta wa DPO da KASTLEA da hukumar kiyaye haɗurra, kowa ya san bakin aikinsa?

In an ce babu kuɗi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Sai Ciyaman ya faɗa mana nawa ya shigo, in kuwa an riƙe, ya faɗi wanda ya riƙe.

Takardar kukanmu tana kan tebur, za a miƙa ta ga Kansila. Wanda ya iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala.