Ƙira ɗaya, takarda dubu: jawabi ga matasan Kalfu

 

Maganata ta yau kan takarda ce. Kowace ƙungiya tana buƙatar rasit na kuɗin da anka tara, da katin mamba, da takardar shaidar horo. Yadda munka saba, mutum guda ya zauna gaban kwamfuta yana buga sunaye ɗaya bayan ɗaya, ko a hau babur zuwa Tawa wurin masu buga takardu. In mutanen suna da yawa sai a kwana ana yi, kuma ba a rasa kuskure.

To, akwai hanya mafi sauƙi. Ana tsara takardar sau ɗaya da HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, a bar gurbin suna da gari da kwanan wata. Kamar abin buga bulo ne: ƙira ɗaya, bulo dubu. Manhaja ta ɗauko sunaye daga jerin mambobi ta cike gurbin, sannan WeasyPrint ko Dompdf ya mayar da shafin PDF. Mutum ya latsa, takardarshi ta sauka cikin wayarshi. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, kuma amfaninshi shi ne takarda ba ta canza kama, ko a waya aka buɗe ta, ko an tura ta WhatsApp, ko an buga ta kan A4.

Amma ku kula da abu biyu. Na farko, haruffanmu: ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma in kunka bar Dompdf da rubutun Helvetica, sai Ɗahiru ya fito da alamar tambaya a farkon sunanshi. Ku zaɓi DejaVu Sans, yana da su duka. Sunan mutum mutuncinshi ne.

Na biyu, PDF ma ana iya taɓa shi. Kowace takarda ku sa mata lamba tata da alamar QR mai kaiwa ga rajistar ƙungiya, don mai shakka ya duba da kanshi. Rasit ɗin da ake iya tantancewa shi ka tsare amana tsakaninmu da waɗanda sunka ba mu kuɗinsu.

Ɗalibanmu na Jami'ar Djibo Hamani, wanga aiki bai fi ƙarfinku ba. Ku fara da rasit.