Mawaƙi a Pataskum, Makaɗi a Kano

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan sana'ar da wasu yaranmu suka shiga, wato waƙa, da yadda waya ta sauya ta.

Mu da muka tashi zamanin Alhaji Mamman Shata, Allah Ya jiƙansa, mun san waƙa ba ta yiwuwa sai mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi sun haɗu wuri guda. Da kiɗan fiyano ya shigo finafinan Hausa a shekarun 1990, sai makaɗa suka koma mutum ɗaya da na'urar Yamaha. Duk da haka tilas yaro ya hau mota, ya bi ta Azare da Wudil, ya je Kano yana jiran layi a bakin situdiyo, guzurinsa na ƙarewa.

To, yau ba haka abin yake ba. Mai haɗa kiɗa yana zaune Kano ko Jos, ya haɗa kiɗan a kwamfuta da manhajar FL Studio ko Cubase, ya turo ta WhatsApp. Yaronmu ya ɗora murya a nan, ya mayar. 'Yar amshi kuwa watakila tana Damagaram, ba su taɓa ganin juna ba. Akwai ma BandLab, wadda aka buɗe a 2015, inda kowa ke shiga aiki guda ya sa nasa layin. Masu sana'ar suna jan kunne cewa kada a tura murya ta saƙon murya, don waya na matse ta ta lalace. A tura ta a fayil ɗin WAV, ko da yake waƙar minti 5 takan kai megabait 50. Sai dai komai ya rataya ga sabis, mu kuwa ba mu manta 2013 ba, da aka katse layukan waya a Yobe.

Amma abin da ya fi damunmu, mu 'yan kasuwa, shi ne shaida. Ku je kara ranar Laraba: ba a sallama sa sai da dillali, an faɗi kuɗi gaban mutane, an ba da la'ada. A cinikin waƙa ta waya fa? Yaro ya tura muryarsa, shi ke nan, kaya sun bar hannunsa. Kiɗa da murya da amshi duk suna kwamfutar mutum ɗaya. In ya ɗora waƙar a YouTube ko Audiomack da sunansa, kuɗin asusunsa za su faɗa, mai waƙa ya tashi a tutar babu. Ba mu ce duka haka suke ba, masu amana suna da yawa.

An sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma alƙali da hujja yake aiki. Saboda haka kafin a tura komai, a rubuta: wa ya tsara baiti, wa ya yi kiɗa, nawa aka biya, kason kowa nawa, kuma a shafin wa za a ɗora. Kowa ya amsa a rubuce, a sa mutum biyu cikin zauren su zama shaidu, kada a goge saƙon. A ba da rabin kuɗi, sauran sai aiki ya dawo. Yaron da bai iya tsara takardar ba, ya zo wurin dattawan ƙungiya a taimaka masa.