ABIN DA LIKITA KE CIKE HAƘORI DA SHI

 Ina gai da manoman rani na Kura da Bunkure da Kadawa da Garun Malam, da masu jiran layi a ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Yau zancenmu a kan haƙori ne, watau irin kayan da likita ke gyara shi da su in ya yi kogo, ko ya karye, ko ya fita. Ku matso kusa, don maganar ta shafi kowa, yaro da babba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya ke biyo kanal yana zuwa gonakinmu. Ko wane manomi ya san abin da kan faru in ɓera ya yi rami a bangon kanal. In an toshe ramin tun yana ƙarami, aikin minti kaɗan ne. In an ƙyale shi, wata rana sai a wayi gari bangon ya ɓalle, ruwa ya cinye shinkafa. Kuma ba wanda zai toshe kanal na siminti da tsumma ya ce ya yi gyara. To, haka kogon haƙori ya ke. Yana son a toshe shi da wuri, a kuma toshe shi da abin da ya dace.

Yadda kogo ke samuwa

Yaro yana da haƙora 20, babba yana da 32. Ko wane haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashi mai ɗan laushi, can tsakiya kuwa akwai jijiya da jini. In mutum ya sha rake, ko mazarƙwaila, ko alewa, ko shayi mai sukari da yawa, zaƙin ya kan maƙale a haƙora. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki su ci zaƙin, su mai da shi tsami, tsamin kuwa ya riƙa cin ɓawon nan kaɗan kaɗan har ya huda shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba tsutsa a cikin haƙori. Abin da mai turare ke nuna muku cikin ƙwaryar ruwa ba daga bakinku ya fito ba.

Fata in ta yanke ta kan haɗe, ƙashi in ya karye a kan ɗora shi. Haƙori kuwa in ya yi kogo ba ya cikowa da kansa. Shi ya sa dole a sa masa wani abu daga waje. Abin nan kuwa sai ya cika sharuɗɗa: ya jure tauna, kada ya narke cikin yawu, kada ya yi tsatsa, ya jure zafin koko da sanyin ruwan randa, kada kuma ya cuci jiki.

Abin da bai kamata a sa ba

Wata shekara, lokacin ɗiban tumatir, wani manomi ya zo wurinmu kuncinsa ya kumbura, bakinsa ba ya buɗuwa sosai. Ashe wata uku ke nan haƙorinsa na damunsa, ya ce sai ya gama kai kaya Kwanar Gafan tukuna. Da ciwo ya tsananta wani abokinsa ya ɗiga masa ruwan batir a kogon. Ciwon ya yi shiru kwana biyu, don ruwan ya kashe jijiya, amma ya ƙone masa dasashi, mugunya kuma ta taru a gindin haƙorin. Muka tura shi Kano a ranar. Ya warke, alhamdu lillahi, sai dai ya rasa haƙora biyu, kuɗin tumatir ɗin kuma rabinsa ya tafi wajen jinya. Da ya zo tun farko, da ciko ɗaya ya ishe shi.

Sabo da haka kada ku sa ruwan batir, ko fetur, ko kanwa, ko garin taba a kogon haƙori. Maganin feshi na gona kuwa guba ne, ko kusa da baki kada ya je. Kada ku danna ƙwayar asfirin a dasashi, tana ƙone nama. Ƙwayar maganin ciwo haɗiye ta a ke yi. In dare ya yi muku, ku kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ku ɗan tauna kanumfari ɗaya a gefen. Wannan lallashi ne kawai, da safe a nufi asibiti.

Ciko na wucin gadi

Kanumfarin nan likitoci ma suna aiki da mansa. Su kan kwaɓa shi da wata farar hoda ta tutiya, ya zama kamar ƙullu, su cusa a kogo. Yana kwantar da zogi, amma ba shi da ƙarfi, ya kan zaizaye cikin 'yan makonni ko watanni kaɗan. Mutane da yawa da sun ji ciwo ya tafi sai su ƙi komowa. In likita ya ce maka wannan na wucin gadi ne, ka dawo ran kaza, to, ka dawo ran nan.

Cikon azurfa

Shi ne wanda ku kan gani baƙi-baƙi a turamen dattawa, watau haƙoran tauna na ciki. Likitoci na kiransa amalgam, kuma an fi shekara 150 ana aiki da shi. Wajen rabinsa zaiba ce, sauran kuwa garin azurfa da kuza da tagulla. Da an haɗa su ya kan yi laushi, a danna shi cikin kogo, sa'an nan ya daskare. Yana da ƙarfi ƙwarai, ya kan yi shekara goma ko fi. Aibinsa biyu. Ba ya manne wa haƙori, sai an sassaƙa masa wurin zama da inji. Na biyu, zaiba guba ce in ta watsu cikin ruwa da ƙasa. Don haka ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a Japan a 2013 don rage aiki da zaiba, Nijeriya ma tana ciki. A 2022 suka ƙara cewa a guji sa cikon azurfa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, da mata masu ciki, da masu shayarwa, sai in likita ya ga ba makawa. Ke mai ciki, ki faɗa wa likita tun kafin ya fara aiki. Wanda kuwa ya ke da tsohon ciko lafiyayye, ba ya ciwo, bai tsage ba, ya bar abinsa, ba dalilin tone shi.

Farin ciko

Wannan wata irin roba ce da aka cuɗa da garin gilashi mai laushi. Wani likitan haƙori na Amurka, Bowen, shi ya gano asalinta wajen 1962. Launinta kamar na haƙori, shi ya sa a kan fi sa ta a haƙoran gaba, in yaro ya faɗi a keke haƙori ya guntule. A kan shafa wa haƙori wani gam, a sa cikon, a haska masa shuɗiyar fitila, nan take ya taurare. Amma ba ya son jiƙa lokacin sawa, ko yawu kaɗan ya taɓa wurin ba zai kama da kyau ba. Yana kuma bukatar lantarki, ya fi tsada, goro da shayi kuwa su kan rina gefensa a hankali.

Simintin gilashi

Ga wanda ya fi dacewa da mu mutanen ƙauye. Waɗansu masana biyu a Ingila, Wilson da Kent, suka bayyana shi a 1972. Gari ne da ruwa, a kan kwaɓa su a kan 'yar takarda. Yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin wani sinadari mai suna fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. A Tanzaniya, cikin shekarun 1980, aka fara wata dabara ta kankare ruɓar da ɗan ƙarfen hannu, a cike da simintin nan, ba inji, ba lantarki, galibi ba ma allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa dabarar a 1994, a 2021 kuma ta sa simintin cikin jerin magungunan da ya kamata ko wace ƙasa ta tanada. Sai dai ƙarfinsa bai kai na cikon azurfa ba, ƙaramin kogo ya fi yi wa amfani. Kun ga dalilin zuwa da wuri ke nan. In an sa maka shi, kada ka ci kome sai bayan awa ɗaya.

Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid da a kan shafa wa ruɓaɓɓen haƙorin ƙaramin yaro. Yana tsai da ruɓar, amma wurin ya kan yi baƙi. Iyaye kada ku tsorata, baƙin nan alamar magani ya kama ne. Ku lura kuma, turmin da ke fito wa yaro can ciki yana ɗan shekara 6 ba na famfara ba ne. In ya fita ba wani mai maye gurbinsa.

Haƙorin roba da haƙorin Makka

In haƙori ya riga ya fita, a kan yi na roba don toshe giɓi. Likita ya kan ɗauki awon baki da wani ƙullu da a ke yi daga ciyawar teku, a zuba farar ƙasa cikin awon, a gina haƙoran a kai, daidai bakin mai shi. Haƙorin roba yana son a wanke shi kullum, a cire shi da dare a sa cikin kofin ruwa mai tsabta. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi. Ku ji wannan da kyau: ƙaramin haƙorin roba da ya saki yana iya zamewa lokacin barci ko shan ƙwaya, ya maƙale a maƙogwaro, har sai an yi wa mutum aiki kafin a fid da shi. In naka yana rawa, ko ya tsage, kai shi a gyara. Kada ka liƙe shi da gam na kasuwa.

Haƙorin Makka kuwa ado ne da alhazanmu ke so. Zinariya ta gaske ba ta tsatsa, ba ta kuma cutar da baki. Amma araha ba ta ado. Waɗansu kwanson ƙarfe ne kawai aka wanke da ruwan zinariya, ya kan dushe, dasashi ya yi baƙi. In kuma bakin kwanson bai zauna daidai ba, abinci ya kan shige ƙarƙashinsa, haƙori ya ruɓe a ɓoye. Haƙorin da aka goge da inji don sa kwanso, ɓawonsa ba ya dawowa har abada. Kuma kayan aikin da ba a dafa ba suna iya ɗaukar ciwon hanta daga bakin wani zuwa na wani. Wanda ke so lalle, ya je wurin likitan haƙori mai takardar shaida.

Abin da za ku yi

Ciko ba ya hana sabon kogo a gefensa. Ku goge haƙora sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, da buroshi da man goge baki mai fuloraid. Ku tofar da kumfar, kada ku bi ta da kurkura. Asuwaki yana da kyau, ku ci gaba da shi, amma gawayi da toka da yashi suna kankare ɓawon haƙori. A rage wa yara alewa, musamman da dare.

In haƙori ya fara tsami da ruwan sanyi, ko abinci na maƙalewa wuri ɗaya, ko ka ga ɗigon baƙi, lokacin zuwa ya yi. Fara da malamin asibiti na garinku, zai duba ya ba ka takarda. A Kano akwai sashin haƙori a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In ka je, tambayi likita abu uku: da me za a cike mini, na dindindin ne ko na wucin gadi, yaushe zan dawo? Amma in kunci ya kumbura, ga zazzaɓi, ko kumburin ya gangaro wuya, ko haɗiya ta yi wuya, kada a kwana, a sa mutum a mota nan da nan.

Nan za mu tsaya yau. Wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a noman bana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.